Zango uku a makarantar kurame ta kuɗi: abin da na gani da idona

Tunda aka ga 'yata Ummi da yunifom mata suketa tambayata wai wace makaranta ce, nawa ake biya, kuma da gaske yaro yana koyon wani abu ko ajiye su kawai akeyi kamar gidan raino. To yau ɗinki ya ɗan ragu na samu sarari, bari in faɗi abin da na sani bayan zango uku cur muna kaita. Sunan makarantar kam ba zan faɗa ba, domin akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan ɗan taɓa su, ni kuma gobe ma can zan kai yarinyata. Ƙaramar makaranta ce ta kuɗi a nan Kano ta yara masu lalurar ji, gida ne aka mayar makaranta, aji huɗu da ɗan tsakar gida da darbejiya guda ɗaya.

Ummi ba haka aka haifeta ba. Tana shekara biyu da rabi har ta fara "Umma ruwa", "Abba oyoyo", sai sanƙarau ya kamata cikin zafin nan na watan Maris, kwana goma sha ɗaya mukayi a asibiti. Ta tashi alhamdulillahi amma jin ya tafi. Mun fi wata shida muna ruɗin kanmu, Hajiya surukata tace miskilanci ne irin na ubanta, maƙwabciya tace shafar iska ce a nemi rubutu da hayaƙi, kuma duk munyi, ba zan ɓoye ba. Ranar da murfin tukunya ya faɗi a bayanta ƙaninta ya firgita ya tsanyara ihu ita ko waiwaye batayi ba, ranar na zauna bakin murhu nayi kukan da ko a asibiti banyi ba. Daga baya muka je Kaduna cibiyar kula da kunne ta ƙasa, akayi mata gwajin nan da ake liƙa wayoyi a kai yaro yana barci, aka ce duka kunnuwan sun wuce 90 a ma'aunin, wato ko ƙarar babur a kusa da ita da ƙyar. A nan ne muka ji cewa bayan sanƙarau can cikin kunnen yana iya ƙandarewa ya zama ƙashi, shi yasa in za'ayi dashen na'urar ji a cikin kunnen ake so ayi da wuri. Mu dai dashe ba zancenmu bane, maganar miliyoyi ce. Amma duk wadda ɗanta ya tashi daga sanƙarau dan Allah ta sa a duba jinsa tun ana cikin murnar sallama, kar ta jira murfin tukunya irina.

Da ta kai shekara biyar na kaita makarantar unguwa inda yayyenta suke. Hedimasta ya kalleta ya kalleni yace "Hajiya kiyi haƙuri, mu bamu da kayan aikin irin waɗannan." Irin waɗannan! Kamar wata akuya na jawo masa. Na saɓa yarinyata muka dawo gida ban ce komai ba saboda a lokacin ban san ina da abin cewa ba. Makarantar irin yaran nan ta gwamnati akwai, ta Tudun Maliki da kowa ya sani, amma mu muna can wajen Rijiyar Lemo, Abbanta yace tayi ƙanƙanta da wannan doguwar tafiya kullum, sai wata kwastoma ta tayi mana kwatancen wannan.

Ranar farko abin da ya fara bani mamaki shi ne hayaniya. Ni na ɗauka makarantar kurame shiru ce tsit, ashe a'a, buga ƙafa, buga benci, dariya mai ƙarfi wadda mai ita baya jinta balle ya rage. Bencinan a jere suke kamar rabin faifai ba layi-layi ba, domin kowane yaro yaga hannun ɗan uwansa da fuskar malama. Babu ƙararrawa, in lokacin tara yayi ƙwan lantarki ake kunnawa a kashe, in babu wuta, wanda kusan kullum ne, malama ta ɗaga wani jan ƙyalle. Yara tara ne a ajinsu Ummi. Malamarsu ita kanta kurma ce, kuma wallahi da farko raina bai so ba, nace a raina ya za'ayi wadda bata ji ta koyar da wadda bata ji. Allah Ya yafe min wannan tunanin. Cikin sati biyu yarinyar da take birgima a ƙasa tana cizon hannunta in mun kasa gane me takeso, ta dawo gida ta tsaya gabana tayi min alamar ruwa da hannu, ta tsaya tana jira, ni kuma na tsaya kamar gunki ban gane ba. Ita ta sami magana, ni ce na zama bebiyar gidan.

To nan ne abin da yasa nake ganin kuɗina basu tafi a banza ba. Duk ranar Asabar daga goma zuwa sha biyu akwai ajin iyaye, babu ƙarin ko sisi, a ƙarƙashin darbejiyar nan ake shimfiɗa tabarmi. Ana koya mana hannu, abinci, ciwo, banɗaki, zo, bari, waye ya dakeki, ina ke miki ciwo. Shugabar makarantar tun ranar farko tace mana "iyaye ku sani, awa biyar kawai suke wajenmu, sauran duk a gidajenku suke, in ba mai magana dasu a gida to mu ɗiban ruwa muke da kwando." Kuma gaskiyarta. Zaka ga bambanci ƙiri-ƙiri tsakanin yaran da iyayensu ke zuwa da waɗanda ake aiko ɗan adaidaita kawai ya sauke ya ɗauka. Sannan akwai darasin da suka ware kan yadda yarinya zata faɗa maka in wani ya taɓata inda bai dace ba, ranar kowa tayi tsit, saboda duk mun san yaran da ba zasu iya faɗa da baki ba su mugaye suka fi nema.

Maza dai basa zuwa, in ka ga uku a cikin mu ashirin to anyi sa'a. Abban Ummi sai da ya kai wata huɗu yana cewa kasuwa, har ranar da ta zo tana ta bashi labari da hannu fuska cike da murna, ya juyo yace min "me take cewa?" yarinyar ta kalli bakinsa ta kalli nawa ta sauke hannunta ta fita. Asabar ɗin da ta biyo baya shi ya riga ni shiri. Yanzu har suna gareshi a hannu, domin su kurame kowa sai sun raɗa masa suna da wata alama ta jikinsa, shi ana shafa haɓa saboda gemu, Ummi ana taɓa haƙoran gaba saboda wushirya, ni kuma ana yin kamar juya keken ɗinki. Hajiya surukata tace ita bata yarda a raɗa mata ba, aka raɗa mata dai, carbi.

A ajin Asabar ɗin nan ne kuma aka kawo wani bawan Allah daga ƙungiyar kurame, da tafinta, yayi mana bayanin dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ni dai ban taɓa jinta ba sai ranar. Dokar tace karatunsu kyauta ne har sakandare, tace makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da ya san aikin, tace wanda ya nuna musu wariya in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne miliyan ɗaya. An ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su gyara yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, ku dai ku leƙa ofisoshi ku ƙirga matakala. Har hukuma aka kafa a 2020 domin wannan. Wata mata ta ɗaga hannu tace "to Malam in kyauta ne mu me muke biya a nan?" aka kwashe da dariya har shugabar. Na san tsakanin abin da ke takarda da abin da ke ƙasa akwai tafiya, amma da na san da ita ranar da hedimastan can yace min irin waɗannan, da ko ba komai na tsaya na bashi amsa.

Yanzu bari in zo inda suka gaza, don ba zan yi musu kara ba.

Kuɗin zango ɗaya ya kusa abin da nake samu a ɗinkin wata guda da rabi, kuma sau biyu ana ƙari cikin shekara. Babu motar makaranta, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kowa ya san yadda adaidaita ta koma, sai da muka haɗu mu uku muke yin shata. A takardar shiga sun rubuta akwai mai koyar da furuci duk sati, tsakani da Allah a zangon da ya wuce sau uku na san ta zo. Batirin na'urar kunne da suke sayarwa a ofis yafi na kemis tsada, gashi baya wuce kwana goma, ga robar kunnen da sai an sake aunawa in yaro ya girma kunnen ya buɗe, in ba haka ba na'urar tayita fito. Ita Ummi ma na'urar ba wani ji take bata ba sai dai ƙarar ƙofa da hon ɗin mota, amma ko don hon ɗin ban bari a cire. Malamai kuma basa zama, biyu sun tafi a shekarar nan, ɗaya ma wadda tayi karatun a kwalejin Oyo ta horar da malaman masu buƙata ta musamman, albashin ne ba yawa, ban ga laifinta ba, amma yaran sati biyu suna nuna kujerarta suna tambaya.

Wanda yafi ɓata min rai shi ne ranar 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, wasu baƙi suka zo da katan ɗin biskit da taliya aka jera yaranmu a rana ana ɗaukarsu hoto, washegari sai ga fuskar 'yata a Facebook an rubuta marasa galihu. Ummi tana da uwa tana da uba, kuɗi muke biya. Naje na sami shugabar nace "Hajiya dan Allah wannan bai dace ba, ko akuya zaki ɗauka hoto kya tambayi mai ita." Ta bani haƙuri ba gardama, yanzu an kawo fom iyaye su sa hannu in sun yarda. Ni ban sa ba.

Sai maganar harshe, wannan kam ba laifinsu bane su kaɗai. Hannun da ake koyarwa a makarantu asalinsa na Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster ya kawo shi, shi ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, saboda haka haruffan da kalmomin duk kan Turanci suke tafiya. Alhali kuramen Kano suna da tasu maganar hannun ta Hausa tun kaka da kakanni. Akwai wani dattijo kurma mai wankin hula a bakin layinmu, ranar da na kai Ummi su gaisa sai da suka ɗan yi kame-kame kafin su gane juna, yanzu kuwa in ta tsaya wajensa sai na jawota. Ga addini, malamin yana zuwa Alhamis kawai, alwala da tsayuwar sallah ta iya tsaf saboda da ido ake koyo, amma Fatiha har yau muna fama, kuma islamiyyar unguwa ba mai iya mata. Wannan shi zan tayar a taron iyaye na gaba, ko da karo-karo ne mu ɗauki malamin kwana uku.

In maki zan bayar, bakwai cikin goma, kuma biyar daga ciki na ranar Asabar ne. Wadda zata kai ɗanta irin wannan wuri ta tambayi yara nawa ne a aji, ta tambaya ko akwai kurma a cikin malaman, ta tambaya ko ana koyar da iyaye, in aka ce babu na ƙarshen nan ni dai da ni ce gaba zan yi. Na riga na biya rabin kuɗin zango mai zuwa, sauran sai ɗinkin bikin da na karɓa ya fita.