Kwana 23 a sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Abuja: hannun likita na yaba, kantin maganinsu ya ƙona min rai

Ba zan kama sunan asibitin ba. Na kuɗi ne, a cikin gari. Yayata aka yi wa aiki, ni na yi zaman jinya, takardu da katin banki duk a hannuna suke, saboda haka ganau ne ni ba jiyau ba.

Yaya malamar firamare ce a Kubwa, shekararta 52. Tana da hawan jini, amma magani sai ran da ta ji jiri. Wata Talata tana alwalar asuba ta dafe ƙeya, ta ce kamar an maka mata taɓarya. Ta yi amai sau biyu, wuya ya sanƙare, ko hasken waya ba ta son gani. Ƙaramin asibitin unguwa suka ce maleriya da taifod, suka ɗaura mata ruwa. Kwana guda cur muka ɓata a wurin, a gida kuwa har an fara zancen iska.

Da muka isa babban asibitin, ba mu yi awa ɗaya ba aka sa ta a na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai. Jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwa. Aka sake hoto bayan an yi mata allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, sai ga abin ya fito: ɗan ƙulu a jikin jijiyar jini ta gefen hagu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

A nan likitan ya saye ni. Ya juya bayan rasit ɗina ya yi zane, ya ce, "Malam, ka san yadda tiyub ɗin keke ke kumburo a inda ya yi laushi? To haka ne. Ya tsage, jini ya ɗan toshe wurin da kansa. In ya sake fashewa kafin mu rufe shi, abin ba zai yi kyau ba." Bai ɓoye komai ba, bai kuma tsorata Umma fiye da kima ba. Har durƙusawa ya yi ya gaishe ta.

Hanya biyu ce, in ji shi. Ko a buɗe ƙoƙon kai a sa ɗan ƙarfe mai kamar matsin shanya a wuyan ƙulun, aikin da wani likita Walter Dandy ya fara a Amurka tun 1937. Ko a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har ƙwaƙwalwa, a cusa zaren filatinam a cikin ƙulun ya toshe. Ni da na kwana ina karance-karance a waya, sai na kawo masa wani bincike mai suna ISAT da ya kwatanta hanyoyin biyu, da aka fitar a 2002, wanda aka yi kan marasa lafiya 2,143: bayan shekara guda, waɗanda suka rasu ko suka kasa kula da kansu kusan kashi 24 cikin ɗari ne a ɓangaren zare, kusan 31 a ɓangaren buɗe kai. Na zaci zai ji haushi. Murmushi ya yi, ya ce gaskiya ne, amma waɗanda aka sa a binciken su ne masu ƙulun da hanyoyin biyu duk za su yi masa. Na Yaya wuyansa faɗi ne, ga reshen jijiya a gindinsa, zare ba zai zauna lafiya ba. Aka buɗe. Awa biyar muna jan carbi a baranda.

Kafin nan fa sai da ofishin kuɗi suka riƙe mu rabin yini a kan kafin alƙalami, alhali likita na cewa kowace awa haɗari ce. Filin Yaya na Bwari aka jinginar a ranar.

Babban ƙorafina magani ne. Bayan irin wannan zubar jini, jijiyoyin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, galibi daga kwana na uku zuwa mako biyu, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko da aiki ya yi kyau. Shi ya sa ake ba da wani magani mai suna nimodipine duk bayan awa huɗu, dare da rana, har kwana 21. A kwana na shida, da ƙarfe tara na dare, aka miƙo min 'yar takarda wai ya ƙare a kantinsu. Asibitin da ke buɗe kan mutum! Na zaga Wuse, na zaga Garki, kemis na shida na samu fakiti biyu, a farashin da ba na son tunawa. Kafin in dawo an tsallake shan maganin sau ɗaya.

Ba zan rantse cewa wannan ne sanadi ba, amma a kwana na takwas maganar Yaya ta fara harɗewa. Wata nas ce ta gano, ƙarfe biyu na dare. Duk awa takan haska mata ido da tocila, ta ce, "Hajiya, matse min yatsa." A wannan karon hannun dama bai matse ba. Cikin minti ashirin likita ya iso da silifas. Suka ƙara ruwa, suka ɗaga hawan jininta da gangan don jini ya ratsa inda ya tsuke. Mai hawan jini ana ƙara mata! Zuwa azahar hannu ya dawo. Wannan baiwar Allah, Allah ya saka mata.

Sauran kuwa: ɗakin kulawa ta musamman tsaf, wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba, mai jinya ba shi da wurin kwana sai mota, lissafin kuɗi kuma ba a nuna maka kullum sai ya taru ya zama dutse.

Wata huɗu ke nan. Yaya na tafiya da ƙafarta, tana saurin gajiya, takan nemi kalma ta ɓace mata, tabon kuwa ɗankwali ya rufe. Ko zan tura wani can? Zan tura, saboda likitan da nas-nas ɗin. Amma tun ranar farko ya tambaya ko nimodipine na kwana 21 na nan a ƙasa, in babu ya sayo ya ajiye a jakarsa. Wata mai zuwa za mu koma hoton bibiya, na riga na ce musu a rubuto min kuɗin tukuna.