Gargaɗi ga masu kaɗa jitar bes a Legas: damfarar garanti da gyaran wuya

Jama'a, musamman 'yan'uwanmu masu kiɗa a majami'un da ake sujada da Hausa, da masu zuwa wasa gidajen biki, da yaran da ke aiki a situdiyo tun daga Agege har Idi-Araba, Obalende da Ojo, a yi hattara. Akwai wani mutum, kuma alamu sun nuna ba shi kaɗai ba ne, da ke talla a Instagram da WhatsApp cewa yana haɗa wa mutum jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya, yadda ransa ke so. Kai za ka zaɓi katako, ka zaɓi launi, ka faɗi tsirkiya huɗu kake so ko biyar ko shida, har sunanka a rubuta a kai. Sannan ya haɗa maka da takardar garanti ta shekara biyar mai hatimi. Ba zan kama suna ba, kuma ko na kama ba zai amfane ku ba, don shafin da yake aiki da shi bana ba shi ne na bara ba. Salon nasa ne ba ya canzawa.

Da Hausa yake fara kama mutum. Da ya ji muryarka sai ya juya harshe, ya ce ai shi ma a Arewa ya tashi, "ɗan'uwa, ni da kai ba ma yi haka ba." Sai ya turo bidiyon wani shago mai tsabta, katakai a jere, injina suna aiki. Wanda ya natsu ya kalla zai ga soket ɗin jikin bangon ba irin namu ba ne, kuma ba a taɓa nuna fuskarsa a cikin shagon ba. Bidiyon masu sana'ar ƙasashen waje ne ya kwaso. Daga nan sai kafin alƙalami, rabin kuɗi, a asusun da sunansa daban da wanda ya gaya maka. In ka tambaya ya ce na matarsa ne.

Da a nan yake yin layar zana, da tuni an gane shi. Amma yana kawo kayan, kuma wannan ne ya sa yake daɗewa yana ci. Jitar takan zo tana sheƙi, da sunanka a kai kamar yadda aka yi alkawari, ka ɗauki hoto ka sa a shafinka, ka yi masa tallar da bai biya ba. Abin da ke ƙarƙashin fentin kuwa jitar kamfani ce mai araha, irin wadda ake sayar wa masu koyo, an goge tambarinta an sake fesawa. Wani lokacin kuma wuyan jitar, wato dogon katakon da ake danna tsirkiya a kansa, a nan aka sassaƙa shi da katakon da bai gama bushewa ba. Ko wanne ne, ya san damina ɗaya ko hunturu ɗaya za su motsa wuyan, kuma ya san shi za ka kira.

Kana kira zai kwantar maka da hankali. "Haba oga, ai don irin wannan aka yi garanti." Kafin yamma ya turo mai babur ya ɗauki jitar, ba rasit, ba takardar karɓa. Bayan kwanaki sai ya ce wuyan ya mutu, dole a mayar da shi waje. Gyara kyauta ne, amma kuɗin jirgi naka ne. Ka tura. Sai kuma kwastan sun riƙe kaya. Ka tura. Sai kuma wai ana buƙatar takardar izinin katako. Mutum yana ganin jitarsa na hannun wani, ga kuɗin da ya riga ya zuba, sai ya ci gaba da turawa don kada na baya ya tafi a banza.

Wani yaro da ke kaɗa mana bes, ɗan Kafanchan ne da ke aikin gadi a Ikeja, ya tara albashinsa ya faɗa wannan rami. Shi an dawo masa da tasa, bayan iyaye sun sa baki. Da ya kawo min na kwance murfin baya, sai ga ramin a wofi. Ɗan allon da ke ƙara ƙarfin sauti babu shi, an murɗe wayoyin da hannu an naɗe su da salatif, maƙalin batir yana lilo bai haɗu da komai ba. Fikof ɗin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, wato abin da ke ɗaukar sautinsu, ma an canza, har ana ganin tsofaffin ramukan sukuru a gefen sababbi. Na haska tocila cikin ramin sandar ƙarfen da ke cikin wuya, na ga an cinye bakin notin da ake murɗa ta da shi ya zama zagaye, babu makullin da zai ƙara kama shi. Wuyan kuwa yana nan yadda ya tafi. Yaron ya tsaya yana kallo, ya ce min, "Yaya, to me suka gyara?" Har yau in na tuna fuskarsa raina yakan ɓaci, don na san dare nawa ya kwana a bakin ƙofar mutane kafin ya tara kuɗin nan.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, yawancin matsalar wuyan bes a garin nan ba ta kai a ɗauke maka jita ba, balle a kai ta waje. A gabanka ake gyara ta. Rashin sanin wannan shi ne jarin mutumin nan.

Wuyan bes dogo ne. Tun da Leo Fender, maƙerin jita ɗan Amurka, ya fito da bes ɗinsa mai suna Precision Bass a 1951, tsawon inci 34 ne ya zama abin da aka fi bi, daga inda tsirkiya ta tashi zuwa inda ta sauka. Tsirkiyoyi huɗu in an ɗaure su daidai suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, wato kamar a rataya masa buhun shinkafa ɗaya da rabi dare da rana. Mai tsirkiya biyar ko shida ya fi haka. Shi ya sa ake binne sandar ƙarfe a cikin wuyan, wadda masu gyara ke kira tiros rod, don ta ja baya ta daidaita nauyin. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Gibson ya yi rajistar wannan dabara tun 1923. An yi ta ne don a riƙa murɗawa lokaci zuwa lokaci, domin katako ba ya daina motsi.

Mu kuma muna zaune a inda katako ya fi shan wahala. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Legas da damina takan wuce kashi 80. Katakon saman wuya ya sha danshi ya kumbura, wuyan ya miƙe ko ya koma baya, tsirkiya ta fara karkarwa a kan na farko-farkon ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye a jere a kan wuya. Sai Disamba ta zo ka ɗauki jitar ka tafi gida, Jos ko Kano ko Zariya, inda hunturu kan sauke danshi ƙasa da kashi 20. Katakon ya tsuke, wuyan ya lanƙwaso gaba, tsirkiya ta yi sama har yatsu su gaji, bakin ƙarafan ya fito gefe yana kartar hannu. Ga wanda ke fito da ita daga ɗaki mai sanyin na'ura ya jefa ta but ɗin mota, ta kwashe awanni cikin cunkoson gadar Third Mainland da rana tsaka. Ko jitar dala dubu biyar aka yi wa haka sai ta motsa.

Gwajin ba shi da wuya. Ɗaure tsirkiyoyi daidai, danna mai kaurin a ƙarfen farko da hannun hagu, ka danna ta a ƙarfen ƙarshe da na dama, wani ya duba maka tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na takwas. Ana son ɗan sarari kaɗan, wajen milimita 0.3, kaurin katin kasuwanci na takarda. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, don haka in ya shige ba tare da ya ɗaga tsirkiyar ba, lanƙwasar ta yi yawa. In kuma tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfen babu sarari ko kaɗan, wuyan ya koma baya. Duka biyun aikin sandar nan ne. A sassauta tsirkiyoyi, a murɗa notin dama in ana son miƙar da wuya, hagu in ana son sake shi, kuma kada a wuce kwata ɗaya na zagaye a lokaci guda. A bar katakon ya zauna, a sake aunawa. In notin ya cije, a tsaya, kada a sa ƙarfi. A kuma tabbata alanki ɗin, wato makullin murɗa notin, ya shige cif, domin na Amurka da inci ake auna su, na Asiya galibi milimita 4 ko 5, kuma makullin da bai dace ba shi ke cinye bakin noti. Wanda hannunsa ke rawa ya kai wa mai gyaran da aka sani, ya zauna a yi a gabansa. Ba aikin kwana ba ne.

Akwai lalacewa ta gaske, ba na musun wannan. In ka yi gwajin nan a gefen tsirkiya mai kauri da gefen siririya ka ga bambanci mai yawa, ko ka hango wuyan daga kai ka ga ya murɗe kamar an matse shi, to ya kantare, kuma sanda ɗaya ba ta gyara wannan. Haka in sandar ta karye ko notin yana juyawa a banza. Amma ko a nan, dubi bayan jitarka. In wuyan na sukuru ne, galibi huɗu a kan farantin ƙarfe, kwance shi ake yi a sa wani. Babu dalilin da zai sa jikin jitar, da fikof da kayan wutarta, su bar gidanka saboda wuya. Duk wanda ya nace sai an ba shi gaba ɗaya, tambaye shi me yake nema a jikin.

Batun takardar izinin katako kuwa tsohuwar magana ce ya tono yake cin abinci da ita. Gaskiya ne a Janairun 2017 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu, ta sa takunkumi a kan cinikin katakon rozwud tsakanin ƙasashe, har ya shafi jita. Amma a Nuwamban 2019 an cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga ciki, in ban da rozwud na Burazil, wanda ba za ka same shi a jitar wannan farashi ba.

Garantin ma a karanta shi da ido biyu. Na manyan kamfanoni yakan tsaya ga wanda ya fara saye daga dillalin da suka amince da shi, sai an nuna rasit, kuma a fili suke rubuta cewa ɓarnar danshi ko zafi ba ta ciki. Masu ƙera bes na oda na gaske, irin Fodera a Brooklyn ko Warwick a Jamus, wata da watanni ake jiran aikinsu, kuɗin kuma dubban daloli ne, kuma kowace jita tana da lambarta da za ka aika musu su tabbatar. To wanda ya ce zai ba ka irin wannan a mako uku, a kuɗin da bai kai rubu'i ba, da garantin shekara biyar da ya rufe komai, romon baka ne. Takardar nan tasa babu adireshin shago, babu lambar rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, lambar waya ce kawai.

Kada a ɗauka ina kushe masu ƙera jita na gida. Akwai masu hannu a garin nan, suna aiki mai kyau, kuma katakon wenge da Turawa ke yayi a wuyan bes daga Kamaru da Kwango ake sare shi, nan kusa da mu. Mai gaskiya zai ce ka zo shagonsa. Zai nuna maka katakon da zai yi maka aiki da shi, ya gaya maka tun yaushe yake ajiye, in yana da na'urar auna danshi ya dasa a gabanka, ana son ta nuna wajen kashi 6 zuwa 8. Zai ba ka lambar waɗanda suka yi shekara biyu suna kaɗa aikinsa. Ka je da ƙafarka, ka je da wanda ya san jita. Sunan asusu ya zama shi ne sunan da ke kan rasit. In za ka bar jita wurin gyara, ko wurin wa, buɗe murfin baya ka ɗauki hoton ciki, ka ɗauki fikof da lambar jikinta, a rubuta takarda ku sa hannu ku biyu.

Waɗanda abin ya riga ya shafa, na san da yawa kunya ce ta rufe musu baki, wasu kuma kuɗin majami'a ne ko na ƙungiya suka bayar, suna tsoron abin da za a ce. Shirun nan shi yake ba shi damar kama na gaba. Kada ku goge hirarku da shi, ku adana saƙon murya da shaidar tura kuɗi. Ku sanar da bankinku a rubuce, ku kai rahoto wurin 'yan sanda. Karɓar kuɗi da yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ta jihar Legas, LASCOPA, duka suna karɓar koke. In kun san inda za a same shi, kotunan majistare na Legas suna da sashen ƙananan ƙararraki tun 2018, wanda aka buɗe shi don ƙarar kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba.

Wanda jitarsa ke hannun mutumin nan yanzu, kada ya ƙara tura ko sisi, kowane suna aka sa wa kuɗin. Ya ce a dawo masa da kayansa ko ba a gyara ba, a haɗu a wurin da jama'a suke, ya je da mutum biyu da sukundireba, ya buɗe murfin baya a wurin kafin mai kawowa ya tafi. Shugabannin mawaƙa da masu situdiyo, don Allah ku karanta wa yaranku wannan, domin ya fara tallar rangwamen ƙarshen shekara.