Abin mamaki ko halin mutane: wanne ke riƙe wasan rediyo na kimiyya?

Ƙanena, ka ce kai da abokanka kuna son ɗaukar wasan kwaikwayo na rediyo a nan Maradi, irin na ƙagaggen labarin kimiyya, amma kun rabu biyu. Wasu na son a gina shi kan babban abin mamaki, kamar saukar baƙi daga wata duniya. Wasu na son a gina shi kan taurarin labarin da halayensu. Bari in jera maka wasanni biyu, kowane gwani ne a tasa hanya, sannan in faɗa maka inda na karkata.

Na farko shi ne The War of the Worlds, wanda Orson Welles ya gabatar a gidan rediyon CBS na Amurka ranar 30 ga Oktoba 1938, daga littafin H. G. Wells na 1898. Dabararsa ɗaya ce: an shirya shi kamar labarai na gaskiya. Ana cikin kiɗa sai a katse a ce an ga fashewa a duniyar Mars, a koma kiɗa, a sake katsewa a ce wani abu ya faɗo a ƙauyen Grover's Mill na jihar New Jersey. Ɗan jarida na kwatanta abin da yake gani, ana ihu a bayansa, sai ɗif, murya ta ɗauke. Wasu masu saurare sun ɗauka da gaske ne, ko da yake masu bincike daga baya sun nuna jaridun lokacin sun zuzuta firgicin fiye da yadda ya faru. Cikin wasan akwai wani farfesa Pierson, Welles da kansa ya fito a matsayinsa, kuma kashin ƙarshe kusan duk nasa ne. Amma in ana hirar wasan yau, katse kiɗan nan ake tunawa, ba farfesan ba.

Na biyu Wolf 359, wasan saurare na intanet da Gabriel Urbina ya ƙirƙira, wanda ya gudana daga 2014 zuwa 2017. Mutane ƴan kaɗan ne a tashar sararin samaniya mai zagaya wani tauraro, wanda haskensa kan yi kusan shekara 8 kafin ya iso mana. Akwai Eiffel, malalacin ma'aikacin sadarwa, da shugabarsa Minkowski mai bin doka sau da ƙafa, da likita Hilbert, da Hera, kwamfutar da ke tafiyar da tashar, wadda take magana kuma take da nata ɓacin ran. A farko ba yaƙi ba komai. Har akwai kashin da rigimarsa gaba ɗaya kan ragowar man goge baki ce. Sai da mai saurare ya saba da su kamar ƴan gidansu, sannan ɗaya daga cikinsu ya ci amanar sauran. A nan cin amanar ya yi zafi, don ka san wanda aka cuta ka kuma san wanda ya yi cutar.

To ga inda suka bambanta. Na farko yana kama mutum cikin minti biyar, ko bai san kowa a ciki ba, kuma ya dace da wasa mai zama ɗaya. Sai dai ba ya maimaituwa: in ka firgita mutane yau, mako mai zuwa sun gane ka. Na biyu yana tashi a hankali, har wasu su gaji su kashe, amma wanda ya tsaya zai dawo kowane mako don jin abin da ya sami wane.

Ta fuskar aiki ma ba ɗaya ba ne. Labarin abin mamaki yana cin sauti: rugugin jirgi, taron jama'a, fashewa. BBC sai da ta kafa sashe guda a 1958 don ƙera irin waɗannan sautuka. Ku kuwa waya gare ku, da makirufo ɗaya wataƙila, da Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce, ga kuran, wato wutar lantarki, da ke tafiya lokacin da ta ga dama. In sautin bai yi kyau ba, mai saurare zai ji garwa ce ake bugawa, ya yi dariya a inda kuke son ya ji tsoro. Labarin hali ba ya son kuɗi sosai, ɗaki mai shiru da muryoyi uku sun isa. Tsadarsa a rubutu take. Dole kowa ya yi magana irin tasa, ta yadda ko ba a ambaci suna ba za a gane shi.

Ni dai ina bayan na biyu, musamman a rediyo. Kunne ba ya ganin jirgi, murya yake riƙewa. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san haka: ba wanda ya taɓa kwatanta mana gidan Gizo, amma daga tsamin bakinsa mun san ya zo da wata ƙulalliya.

Sai dai akwai rami a wannan hanya, kuma shi nake ji muku. Za ku iya ɗauko rigimar kishiyoyi ko ta gado, ku ɗora ta cikin kumbo, ku ce kun yi labarin kimiyya. Gwada cire kimiyyar. In labarin ya tsaya yadda yake, ado kawai kuka yi da ita. Kimiyyar ce ya kamata ta matse mutumin har halinsa ya fito.

Ga misali. Saƙo tsakanin duniyarmu da Mars kan ɗauki daga kusan minti 3 zuwa kusan 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakaninsu a lokacin. Ka ɗauki tsohuwa a Tibiri da ɗanta mai aiki can. Gaisuwarmu ta ba-ni-in-ba-ka ce: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Yanzu ta ce "ina kwana", in Mars ta yi nisa, amsa ba za ta dawo ba sai wajen minti 40. Me za ta yi? Wata za ta zuba duka gaisuwar a tare ta amsa wa kanta. Wata za ta yi fushi ta ce yaro ya koyi raini. Shi kuma ɗan zai iya fakewa da jinkirin ya shirya ƙarya kafin ya amsa tambayar aure. Ka ga doka ɗaya ta kimiyya ta ba ka mutum biyu.

Ko ka ɗauki ibada. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa na zagaya duniya cikin kusan minti 90, ana ganin fitowar rana sau 16 a yini. Da Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je can a 2007, cikin azumi, sai da malaman ƙasarsa suka fitar masa da jagora kan salla da alƙibla. Sa mutum biyu a irin wannan wuri, ɗaya mai tsanani ɗaya mai sassauci, ka ba su agogo ɗaya, ka ji abin da zai biyo baya.

Abokanka masu son abin mamaki ba su yi kuskure duka ba. Aro dabararsu don buɗe kashi na farko: sanarwa ta katse shiri, an ga wani abu ya sauka bakin tafkin Madarunfa. Amma kada a wuce minti biyu ba a shiga gidan wani ba, masunci ne ko ɗan kabu-kabu, a ji abin da yake tsoron rasawa. Wajen zaɓen ƴan wasa kuma ku rufe ido ku saurara. In muryoyin samari biyu sun yi kama, ku canza ɗaya ko da ya fi kowa iya wasa, ku nemo dattijo ko mace a madadinsa, kuma kada fage ɗaya ya wuce mutum uku masu magana.