Idan miji da mata duk AS ne: a ƙara haihuwa ko a dakata?

A Unguwar Rogo, nan Jos, na san wasu ma'aurata da gwajin jini ya nuna duk AS ne, wato kowannensu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da ciwon. 'Yarsu ta fari ta zo da sikila, yanzu ga su tsakanin hanyoyi biyu.

Hanya ta farko, su ci gaba da haihuwa. Masu wannan ra'ayi suna cewa ɗa rabo ne, kuma lissafi bai rufe ƙofa ba: a kowane ciki, damar samun SS (mai sikila) kashi 25 ne cikin 100, wato ɗaya cikin huɗu, AS kashi 50, AA (wanda bai gaji ƙwayar ba) kashi 25. Sai dai kowane ciki sabon lissafi ne, ba wai tunda ta fari ta ɗauka sauran ukun sun tsira ba. Nan mutane ke yawan ruɗewa.

Hanya ta biyu, su tsaya a kan guda ɗaya. Ni nan na fi karkata, domin na ga daren Disamba a gidan: sanyin Jos ya sauko, yarinya na kukan ciwon ƙashi, uwa na dumama ruwa tana gasa mata ƙafa, uba na neman Keke Napep ƙarfe biyun dare zuwa asibiti. Ga kuɗin magani, ga neman jini idan nata ya yi ƙasa.

Amma dakatawar ma da nata ɗacin. Surukar matar ta riga ta fara tambaya: "Yaushe za ki yi mata ƙani?" Mijin kuwa ba wanda ya tuhuma, alhali rabin jinin nasa ne.