Zuwa kallon babakoto a Andasibe: aikin 'yan jagora da abin da ke kawo cikas

Mai son ganin indri, wanda mutanen Madagaska ke kira babakoto, dole ya je dajin da yake, domin ba ya rayuwa a gidan ajiye namun daji. Yana cikin mafi girman dabbobin lemur, dangin biri na nesa. Nauyinsa kilo 6 zuwa 9, jikinsa fari da baƙi, wutsiyarsa ɗan guntu ce da ƙyar ake ganinta. Wurin da ya fi sauƙin samunsa shi ne dajin Analamazaotra a gandun Andasibe-Mantadia, wajen kilomita 140 gabas da Antananarivo, babban birnin ƙasar, kan titin RN2, tafiyar awa uku zuwa huɗu saboda manyan motoci da kwane-kwane.

Ba a shiga sai da ɗan jagora. Kuɗin shiga daban, nasa daban, kuma a riƙe tsabar ariary, kuɗin ƙasar, a hannu. Aikinsu ya cancanci kuɗin: dabbobin suna zama gida-gida, biyu zuwa shida, kowane gida da yankinsa, 'yan jagoran kuma sun san inda kowanne ke kiwo. Suna bin kukan safe, wani dogon kuka mai tashi da sauka da ake ji daga kilomita 2 ko fiye. Saboda haka a kwana a Andasibe, a shiga da sassafe. Wanda ya taso daga babban birni bayan ya karya, sai dai ya tarar da su can ƙololuwar bishiya sun yi shiru suna cin ganye.

Matsalar ita ce cunkoso. Daga Yuli zuwa Nuwamba ayari da yawa kan taru ƙarƙashin bishiya ɗaya, ana ture-ture a kan taɓo. Mantadia, ɗaya ɓangaren gandun da ke can arewa, ya fi shiru, amma hanyarsa ba kyau, hawansa da wuya, dabbobin kuma ba su saba da mutane sosai ba.

A tafi da madubin hangen nesa, rigar ruwa, da takalmi mai kama ƙasa. A cusa wando cikin safa saboda matsattsaku, musamman da damina, Disamba zuwa Maris. Wurin tudu ne, daren Yuni zuwa Agusta akwai sanyi sosai. Yawon dare kuwa ba a yinsa cikin gandun, sai a bakin titi ko a dajin ƙungiyar Mitsinjo da ke kusa.