Wankin gwal: a gida ko a kai wa masu gwal?

'Yan uwa mata, sarƙar gwal ɗinki in ta dusashe ba wai ta lalace ba ne, yawanci man shafawa ne da turare da gumi suka taru a jikinta. To a gida za ki wanke ko kasuwa za ki kai?

Ni dai na fi son na gida. Ruwan ɗumi, ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, ki jiƙa kamar minti 15, sai ki samu burushin yara mai laushi ki bi lungu-lungu a hankali, ki ɗauraye a cikin kwano ba a bakin famfo ba kar ɗan kunne ya bi rariya, ki goge da ƙyalle mai laushi, shikenan. Amma don Allah banda makilin, banda toka, karce gwal suke yi, musamman 21 karat irin na Saudiyya da Dubai tunda ya fi 18 laushi. Bilic kuwa cin haɗin ƙarfen da ke ciki yake har ya karye.

Masu gwal kam gaskiya sun fi fito da shi fes kamar sabo, kuma su ne za su ga maƙalli ya saki ko dutse na girgiɗi. Sai dai gogewa da inji tana ɗan cin gwal ɗin, in ana yawan yi nauyi zai ragu, ke kuma da giram za ki sayar wata rana. In za ki kai, a auna a gabanki kafin da bayan wankin.