Zuwa ga Yayana a Agege, kan maganar shagon fulawa

Yaya, ina gaisuwa tare da fatan alheri. A gaishe min da Inna da mutanen Zango baki ɗaya.

Ka tambaye ni ko ka ƙara da sayar da yankakken fure a kan shuke-shuken da kake jerawa a bakin titi a Ikoyi. Na kwana biyu ina juya maganar, don kuɗin guminka ne, kuma ba na so su narke a rana.

Garin da nake aiki a nan Holan ɗan ƙarami ne, mutanensa duka ba su kai na unguwa ɗaya a Agege ba, amma shagon uwar ɗakina ba ya rabo da ciniki. Mutanen nan ba sa zuwa gidan wani hannu rabbana. Yadda muke riƙa goro, haka suke riƙa fure: haihuwa, dubiya, biki, har jana'iza, wadda tana cikin abin da ya fi kawo mana kuɗi. Ranar 14 ga Fabrairu, ranar masoya, da Lahadi ta biyu a watan Mayu, ranar iyaye mata, ko zama ba ma yi.

Kayan daga kasuwar Aalsmeer suke zuwa, kusa da Amsadam. Gwanjonsu ya saɓa da namu: farashi daga sama yake farawa yana sauka, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yawancin wardin da nake kwancewa da asuba daga Afirka yake, daga gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya da kuma Habasha. Tun daga gona har shagonmu sanyi ba ya yankewa. Ɗakin ajiyarmu kullum yana tsakanin digiri 2 zuwa 5, kuma tunda na zo ban ga an ɗauke wuta ba. Kowace safiya sai na wanke bokitai tas, na tsige ganyen ƙasa, na yanke gindin kowane kara a karkace don ya sha ruwa. Bokiti ɗaya mai datti ya isa ya kashe kayan kwana uku.

To ka auna da Legas. Ka san yadda tumatirin Arewa yake isowa kasuwar Mile 12 idan mota ta kwana a hanya. Wardi ya fi shi raki nesa ba kusa ba. Ko daga Jos ka ɗauko, sai ka haɗa da firji da janareto da kuɗin mai, ga cunkoson gadar Third Mainland kafin ka kai wa mai biki a Ikeja. Ni dai ban ba ka shawarar shiga ba, sai in wani ya yi oda ya biya rabi tukuna.

Amma akwai inda kuka fi su. A nan da hunturu kusan ba furen da ke tsirowa sai a gidan gilas da ake ɗumamawa da kuɗi mai yawa. Kai kuwa ka soka reshe a leda da damina, ya kama.

Abin da nake so ka kwaikwaya littafin uwar ɗakina ne. Tana rubuta ranar auren kowane mai saye, da launin da matarsa ke so, da ranar da tsohuwa take kai fure kabarin mijinta. Kafin ranar ta zo ta kira. Idan tukunya ta bushe a gidan mutum, sai ta tura ni in duba, ba ta karɓar ko sisi. Kai ma ka sayi littafi, ka rubuta lambar kowane gida da ka kai wa shuka, bayan mako biyu ka leƙa ka ga ko ta kama, ka nuna wa maigadi yadda ake ban ruwa.

Ka turo min hoton wurin naka da la'asar, in ga inda inuwa take faɗawa. Akwai irin da nake so mu gwada kafin damina.

Ƙaninka.